Dalar Gyada a Zane da a Tarihi

A shekarar 1851 baƙon nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya hau Dutsen Dala ya zana birnin Kano yadda ya hango shi: soraye, itatuwan dabino, da filaye a cikin ganuwa. Da wannan zane Turawa da yawa suka fara sanin kamannin Kano. Amma in yau aka ce wa ɗalibanmu a nan Bici su zana abin da ke nuna Kano, kaɗan ne za su zana dutsen. Galibi dalar gyada suke zanawa, alhali kuwa babu ɗayansu da ya taɓa ganin ta a tsaye.

To, ina suka gan ta? A jikin kuɗi, da kalanda, da bangon shaguna. Takardar naira 200 da aka fito da ita a 2000, mai hoton Sardauna Ahmadu Bello, tana ɗauke da tarin buhuna a bayanta, ga shanu da amfanin gona. Hatta gidan rediyon tarayya da ke Kano daga dala ya samo sunansa, wato Pyramid. Ita kanta kalmar aro ce daga dutsen, domin da Kanawa suka ga buhuna sun tasar wa sama, ba su sami abin kwatantawa ba sai Dala.

Asalin abin kuwa jirgin ƙasa ne. Dogo ya iso Kano a 1911, fatake suka juya ga cinikin gyada, kuma Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, shi ake danganta wa fara jera buhuna haka. Akan ce dala guda takan ci buhu 15,000. Sai dai akwai abin da mai zane ba ya nunawa. Ba don ado aka yi dala ba. Gyada ce ta fi ƙarfin taragon jirgi, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta zauna wata da watanni tana jiran a kai ta Ikko, ƙwari suna ci. Wato abin da muke alfahari da shi, ta wata fuska, hoton jinkiri ne.

Abu na biyu shi ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. A zanen za ka ga buhuna, ka ga 'yan dako, wani lokaci har da Bature da hularsa, amma ba za ka ga manomi ba. Gyadar nan ba a Ƙofar Mazugal ta tsiro ba. Daga gonakin ƙauyuka irin namu jakuna suka kai ta ma'auna. Kakanninmu suka huɗa, suka tone, mata suka ɓare, hukumar cinikin gyada da aka kafa a 1949 ta saya ƙasa da farashin duniya ta riƙe rarar. Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi.

Farin 1973 da kuturtar gyada ta 1975 suka karya noman, kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin hukuma, aka rushe hukumomin ciniki a 1986. Filayen dala suka koma gidaje da wuraren ƙwallo. Dattawanmu da suka noma gyadar suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma muna ganin ya kamata marubuta su zauna da waɗanda suka rage, su ji nawa aka biya su a buhu.