Kalmomin da suka tsallake filin daga a ƙasar Kurfai

Mu mutanen Kurfai, Hausarmu ta bakin iyaka ce. Filinge tana cikin kwarin Dallol Boso, wajen kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai. Kudu da mu akwai Zabarmawan Tondikandiya, da Buzayen Imanan a Bonkuku da na Tagazar a Baleyara. Arewa kuma sai makiyayan Azawak. Sunan kwarin ma na aro ne, don dallol Fillanci ne. Ranar Lahadi a kasuwar dabbobi ta Filinge, dillalin da harshe ɗaya kawai yake ji da yunwa zai kwana.

A ƙarni na 19 ba zaman daɗi ake yi tsakanin Kurfayawa da Buzaye ba. Hari ne da ramuwar gayya, a kore shanu, a kama mutane. Cikin wannan ƙura Gado Namalaya ya yi suna a matsayin Mayaƙi, kafin Faransawa su ɗora shi kan sarautar Kurfai a farkon ƙarni na 20. Abin da ke ba ni dariya shi ne, makamin da kakanninmu suka rataya suka fita da shi, sunansa na abokan gabar ne: takoba suke cewa, mu muka ce takobi. Raƙumi ma daga harsunan danginsu ya shigo mana, haka amale, haka akala, haka amawalin da ake rufe baki da shi. Su ne masu raƙumi, saboda haka wanda ya sayi dabbar sai ya haɗa da sunan igiyarta. Takarda kuwa ta fi su duka doguwar tafiya: Rumawa suka bar kalmar a Afirka ta Arewa, ta ratso hamada a bakin Buzaye har ta sauka hannun malamanmu.

Da Zabarmawa kuma wajen ƙirga muka fi cuɗanya. Kakata in tana lissafin kuɗi ba ta cewa ɗari, zangu take cewa, kamar lokacin wuri. Bazabarme har yau ɗarinsa zangu ce, dubunsa zambar, ita ce zambar ɗin da muke ji a “zambar goma”. Tamma biyar ta sefa dukkanmu dala muke kiranta. Ranaku kuwa daga Larabci muka ɗebo tare, kowa ya lanƙwasa yadda bakinsa ya so: Lahadinmu Alhadi, Litinin Atinni, Juma’a Alzuma.

Masu jin haushin aro, masu neman tsantsar Hausa, su leƙa Rasha. Bayan Mongol sun ci birnin Kiyef a 1240, sarakunan Rasha sun yi ta kai gandu ga Tatar masu harshen dangin Turkanci har 1480. Babu ƙauna a tsakani. Amma kuɗi a Rashanci dengi ne, ’yar uwar tenge da Kazakistan ke kashewa tun 1993. Ofishin kwastan tamojnya ne, daga tamga, hatimin mai karɓar haraji. Sunan doki na yau da kullum, loshad, daga mahayan dajin nan ya fito. Abin da mai iko ya riƙe, kuɗi da haraji da abin hawa, shi ya bar wa suna. Har akwai inda muka haɗu da Rashawa: sunduk ɗinsu sanduƙinmu ne, kaftan ɗinsu kaftaninmu, su ta hannun Turkawa, mu ta hannun Larabawa.

Zabarmawa ma suna da kalmar hausa, amma ba mu kaɗai suke nufi da ita ba. A bakinsu gaɓar hagu ta kogin Kwara ita ce hausa, ta dama kuma gurma. Da wannan lissafi, fadar shugaban ƙasa a Yamai tana hausa, Jami’ar Abdou Moumouni kuwa tana gurma, a ƙetaren gadar Kennedy.