Taswirar da Aka Yanke da Reza: Tsofaffin Littattafan Matafiya da Masu Farautarsu

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda 'yan'uwan da data ba ta barin su su saurara.

Bari in fara da wani abu da ya same ni ina aji uku a jami'a. An ba mu aiki a kan kasuwancin Kano kafin zuwan Turawa, malamin ya ce duk wanda bai duba littafin Barth ba kada ma ya kawo masa takarda. Na shiga ɗakin karatu, can ɓangaren da ba a ba da aro, aka ɗauko mini wani tsohon kundi mai warin akwatin kaka. A farkonsa an nuna cewa akwai taswira a shafi kaza. Na buɗe wajen, sai na tarar da ɗan siririn gefen takarda kawai, an bi shi da reza tsaf. A lokacin na ɗauka aikin ɗalibi ne mai ƙyuyar kwafa. Sai daga baya na gane cewa akwai kasuwa guda a duniya inda irin wannan takardar ita kaɗai kuɗi ce.

To wannan kasuwa za mu shiga yau: ta masu tara tsofaffin bugu na littattafan tafiye-tafiye da na ziyarar wurare masu tsarki.

Abin ya samo asali tun farkon injin ɗab'i. A 1486 aka buga littafin wani malamin coci, Bernhard von Breydenbach, a birnin Mainz na Jamus, yana ba da labarin ziyarar da ya kai Ƙudus. Dabarar da ya yi ita ce ya tafi da mai zane, Erhard Reuwich, wanda ya zana biranen da suka ratsa. Hoton birnin Banis kaɗai, idan aka warware shi, ya haura mita ɗaya da rabi. A ɓangaren aikin Hajji kuma akwai Joseph Pitts, wani matashin Bature ɗan Ingila da aka kama a teku aka sayar a Aljeriya, ya bi ubangidansa Makka, ya koma gida ya buga labarinsa a 1704. Akwai Richard Burton da ya yi shigar burtu ya shiga cikin alhazai a 1853, littafinsa ya fito cikin juzu'i uku. Shi kansa Ibn Battuta, duk da tun ƙarni na 14 aka rubuta tafiyarsa, sai tsakanin 1853 da 1858 aka buga cikakken matanin Larabcin a Faris, juzu'i huɗu, tare da fassarar Faransanci. Duk waɗannan kaya ne da ake kokawa a kansu a manyan gidajen gwanjo irin su Sotheby's da Christie's.

Me mai tarawa yake dubawa? Ba karatun ne gabansa ba, don in karatu ne ai akwai sabon bugu mai araha. Yana son bugun farko. Yana son bangon da maɗaba'a ta fitar da shi da shi, ba wanda aka sake ɗinkewa daga baya ba. Zai zauna ya ƙirga hotuna da taswirori ɗaya bayan ɗaya, ya duba ko takarda ta yi ɗigo-ɗigon tsufa, ya nemi sa hannu ko tambarin wanda ya taɓa mallakarsa. Taswira ɗaya ta ɓace, farashi ya zube. Kuma a nan ne ɓarnar take: idan littafi ya riga ya samu naƙasa, wasu dillalai sun fi ganin riba su farke shi gaba ɗaya, su sa kowace taswira da kowane hoto a gilashi, su sayar ɗai-ɗai ga masu ƙawata falo. Ɓarawon ɗakin karatu ma lissafinsa ke nan. Kundi ba ya shiga aljihu, takarda ɗaya kuwa tana shiga.

Yanzu wani zai ce, to mu ina ruwanmu da sha'awar attajiran Turai? Yauwa. Ruwanmu shi ne, abin da ake yankewa da abin da sababbin bugu suke zubarwa, sau da yawa shi ne namu a cikin littafin.

Ku ɗauki littafin Denham da Clapperton, wanda John Murray ya buga a Landan a 1826. Clapperton ya isa Sakkwato a 1824, ya zauna da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, suka yi ta tattaunawa, har da maganar inda kogin Kwara yake zubawa, wadda ita ce ta hana Turawan lokacin barci. Ya dawo da taswirar da aka ba shi a Sakkwato, aka sassaƙa ta aka buga a cikin littafin. Ya kuma zo da wani yanki na Infaƙul Maisuri na Bello, aka fassara shi aka sa a rataye. Ku tsaya ku yi tunani: taswirar ƙasar nan yadda masu ita suke kallonta, an buga ta a Landan shekara kusan ɗari biyu da suka wuce. A jikinta an nuna Kwara tana yin gabas har ta haɗe da Nilun Masar, abin da ba haka yake ba, kuma har yau masana suna muhawara: fahimtar malaman lokacin ce, ko kuwa da gangan aka karkatar da baƙo don kada jiragen Ingila su gane ƙofar shigowa? Ni dai na fi karkata ga cewa Bello ba yaro ba ne, yana da labarin abin da Ingila ta yi a Indiya. Amma ko wane ɓangare ka ɗauka, ba ka da bakin shiga muhawarar in kwafin da ke hannunka babu wannan takardar.

Sai Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim. Sun taso daga Tarabulus a 1850 su uku, shi da James Richardson da Adolf Overweg. Richardson ya mutu a 1851, Overweg ya bi shi a 1852 a gefen tafkin Chadi, Barth ya ci gaba shi kaɗai. Ya ga Agadas, ya shiga Kano a watan Fabrairun 1851, ya je Kukawa da Yola da Bagarmi, ya bi ta Katsina da Wurno da Sakkwato da Gwandu har Tambutu, bai koma Landan ba sai 1855. Shi ne ya ƙiyasta mazauna Kano da dubu 30, ya ce sukan ninka a lokacin da fatake suka cika gari, ya kuma bi diddigin inda turkuɗi da baƙin Kano suke kaiwa.

Littafinsa ya fito juzu'i biyar tsakanin 1857 da 1858, da Ingilishi a Landan, da Jamusanci a Gotha. Akwai hotuna masu launi 60 da aka fitar daga zanen hannunsa, da taswirori 15 da August Petermann ya tsara. Abin dariya, a zamaninsa littafin bai yi kasuwa ba. A 1857 ɗin nan Livingstone ya fito da nasa, mai zaki da ban tsoro da wa'azi, jama'a suka yi can. Na Barth kuwa ya cika nauyi: sunayen ƙauyuka, farashin gero da wuri, jerin sarakuna. Shi ya sa juzu'i biyun ƙarshe ba a buga su da yawa kamar ukun farko ba, shi ya sa kuma cikakken biyar ɗin mai lafiya yau sai da dubban fam. Rashin kasuwar jiya shi ne tsadar yau.

Da masu maɗaba'a suka ga haka, sai suka riƙa fitar da taƙaitattun bugu. Me suka fara zubarwa? Ratayen ƙarshe. Wallahi nan ne abin yake min ciwo, don a ratayen ne Barth ya zuba abin da ya ji daga bakin mutanenmu: hanyoyin fatake zango-zango, kwana nawa daga wannan rijiya zuwa waccan, hanyoyin alhazai masu bi ta Bagarmi da Wadai da Darfur su nufi gabas. Kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa, wasu shekaru suna tafe suna noma a hanya, akasarinsu ba su bar mana littafin tafiya bugagge ba. Kaɗan daga abin da suka sani yana nan a ƙananan haruffa a bayan littafin Bajamushe. A Masenya ya haɗu da Faki Sambo, wani makahon malami Bafulatani da ya yi karatu a Azhar, suna hira a kan Aflatun da Aristo. A Gwandu ya samu kwafin Tarikhus Sudan ya kwafi abin da ya iya, ko da yake ya yi kuskuren jingina shi ga Ahmad Baba, alhali na Abdurrahman Sa'adi ne. Mai karanta taƙaitaccen bugu zai ga jarumi shi kaɗai a daji. Mai karanta cikakke zai ga baƙo ne da ke yawo daga zauren malami zuwa zauren malami yana tambaya.

Amma littafin da ya fi tsaya min a rai ba ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. Wani ɗan ƙarami ne, babu hoto mai launi, babu abin sa wa a gilashi: Magana Hausa, wanda J. F. Schön ya buga a Landan a 1885.

Lokacin da Barth zai koma, ya tafi da samari biyu da Overweg ya 'yanta daga bauta: Abbega, Bamargi, da Dorugu, Bahaushe daga yankin Damagaram. Dorugu yaro ne aka kama shi aka raba shi da iyayensa, aka yi ta sayar da shi har ya faɗa hannun Turawan nan. Ya bi Barth Tambutu, ya ƙetare Sahara, ya hau jirgin ruwa, ya ga Landan da Hambog. A Ingila Schön, wani ɗan mishan mai nazarin Hausa wanda bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, ya riƙe shi a gidansa, har sai da hakan ya jawo saɓani tsakaninsa da Barth. Schön ya riƙa sa shi yana magana yana rubutawa. Da bakin yaron nan aka gina babban ɓangare na nahawun Hausa na 1862 da ƙamus na 1876. A cikin Magana Hausa kuma aka buga labarin rayuwarsa da tafiyarsa, da Hausarsa: yadda aka kama shi, wahalar hamada, sanyin Turai, yadda Turawa suke zaman cin abinci. Wato dai wannan karon mu ne muke kallo, su ake kallo.

Sunan wa ke bango? Schön. Dorugu ya dawo gida a 1864, a ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nassarawa a Kano, ya rasu a 1912. A 1971 Kirk-Greene da Paul Newman sun fitar da labarin nasa da Ingilishi a Amurka. Na tambayi abokaina da muka gama jami'a tare, waɗanda suka san sunan Mungo Park tun firamare, ko sun taɓa jin Dorugu. Shiru kake ji.

Kada a ce na ɗora wa masu tarawa laifi duka, a'a. Gaskiya ɗaya ce, ko da ɗaci: da yawan kwafin da suka tsira, sun tsira ne saboda wani ya ɗauke su da daraja ya killace su nesa da danshi, kuma manyan ɗakunan karatu da dama daga kyautar irin waɗannan mutane suka samu nasu. Daga nan ne aka ɗauki hotonsu aka sa a intanet, yau kana kwance da wayarka za ka sauke Barth kyauta. Sai dai ku lura da wani abu in kun sauke: sau da yawa mai ɗaukar hoton ba ya warware taswirar, a naɗe yake ɗaukarta, sai ka ga bayan takarda fari fat ko kusurwa ɗaya kawai. Idan kun ci karo da haka ku nemi wani kwafin, don akan samu wanda aka yi da kulawa.

Sannan mu ma muna da namu bugun farkon, kuma su ne gara take ci yanzu haka. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano ya rubuta Motsi Ya Fi Zama a kan tasa tafiyar Turai. A Zariya aka buga su, a takarda mai araha, don 'yan makaranta, kuma irin wannan takarda ba ta jure damina sittin a cikin kwali. Na je gidanmu na tsoho da sallar da ta wuce na buɗe adakar kakana, wanda tsohon malamin elemantare ne. Rabin littattafan sun zama gari. Cikin waɗanda suka tsira akwai wani ɗan littafin rubutu da ya jera garuruwan da suka yada zango a hanyarsu ta Hajji a mota, da abin da ya kashe a kowanne. Shafukan farko babu su.

Duk wanda ke da irin wannan adaka a gida, don Allah ya buɗe ta a makon nan. A kakkaɓe, a shanya a inuwa ba a rana ba, kada a manna salatif a inda ya yage, kada a naɗe a leda. A ɗauki hoton kowane shafi da waya, a fara da bango da shafin da ke ɗauke da shekara da sunan maɗaba'a. In akwai takarda mai naɗi a ciki, a warware ta a hankali kafin a ɗauka.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.