Likkafa a Tarihin Barade na Ƙasar Arewa

Idan mutum ya sami ɗaukaka, dattawa kan ce likkafarsa ta ci gaba. Ba a banza suka ambaci wannan ƙarfe ba. A ƙarni na 19, zamanin da Samna Ƙarhe na Tibiri ya haɗa kai da Kabawa yana fafatawa da Gwandu, ran barde a kan likkafarsa yake rataye.

Saboda haka mahayi ba ya zaɓenta da garaje. Barade sun fi son wangami, likkafa mai faɗi wadda ke ɗaukar tafin ƙafa duka, domin mutum ya miƙe bisa sirdi ya jefa mashi, gefenta kuma ya zame masa ƙaimi. Maƙeri ne ke ƙera ta, baduku ya yanka maɗaurinta daga fata mai kauri. Kafin hawa sai a duba ɗinki, a shafa mai, a daidaita tsawo, gama maɗaurin da ya tsinke a fagen fama ya kayar da ubangijinsa.

Tarihi ya adana sunayen sarakuna. Ya kyautu mu tuna da maƙera da dukawan da suka tsayar da su bisa doki.