Waiwaye kan ritayar Epi Info

Tun 1985 hukumar CDC ta Amurka ta fito da Epi Info, manhajar kyauta ta tattara alƙaluman annoba da nazarinsu. A Najeriya ta samu gindin zama sosai, musamman bayan da aka kafa shirin NFELTP na horar da jami'an bibiyar cututtuka a Abuja a 2008, tare da Jami'ar Ahmadu Bello da ta Ibadan. Ɗalibin likitancin al'umma da zai lissafa mutum nawa ya kamata ya tambaya a bincikensa, StatCalc na cikinta yake buɗewa, ya zuba alƙaluma, amsa ta fito nan take.

Masu amfani da ita sun sha sauyi tun kafin ritayarta. Epi Info 6 a kan DOS take aiki, da fayilolinta na .QES da .REC da .CHK, marasa nauyi, waɗanda kowace tsohuwar kwamfuta ke iya ɗauka. Da fitowar Epi Info 2000 aka koma Windows da rumbun Microsoft Access, wannan sauƙin ya tafi. Masu ƙorafi suka yi yawa, har wasu a Denmak suka ƙera EpiData don a ci gaba da aiki da tsoffin fayilolin. A ganina wannan shi ne babban darasin tarihin manhajar: masu ƙira sun duba abin da suka ƙara, jami'an da ke fagen aiki kuma sun duba abin da aka ƙwace musu ba tare da shawara ba. Epi Info 7 ta zo a 2011 da nata tsarin.

Sai Ebola ta shigo Legas a Yulin 2014. Daga wahalar bin sawun waɗanda suka yi mu'amala da masu cutar aka haifi manhajar SORMAS, haɗin gwiwar ƙwararrun Najeriya da cibiyar Helmholtz ta Jamus, kuma hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka a Najeriya, da ke Jabi a Abuja, ta rungumi manhajar daga baya. Sa ido na yau da kullum ya koma can, amma a ajujuwa da kundayen digiri Epi Info ta ci gaba da zamanta.

A ƙarshe CDC ta ba da sanarwa tun da wuri, da rana a bayyane: bayan 30 ga Satumba 2025 babu sabuntawa, babu agajin fasaha. Wannan karon an kyauta. Sai dai sanarwar a intanet take, alhali manhajar daga filasha zuwa filasha ake yaɗa ta, kuma tana aiki ko babu data. Wanda ya gada daga babban yayansa a sashe zai buɗe ta gobe, ta tashi lafiya lau, bai san an yaye ta ba.

Ya rage ga NCDC da sassan koyarwa su isar da saƙon, su kuma juya tsoffin fayiloli zuwa CSV tun kwamfutocin da ke buɗe su suna raye.