Tarihin Tallafin Binciken Kemistiri Mai Kare Muhalli

Kemistiri mai kare muhalli fanni ne na tsara sinadarai da hanyoyin haɗa su ta yadda tun daga tushe ba za a samar da guba ko tarin shara ba. Tallafin bincikensa ya faro ne a Amurka, kuma a makare. Bayan abin da ya faru a Love Canal, inda aka gina makaranta da gidaje a wurin da aka binne sharar masana'anta, majalisar ƙasar ta kafa asusun share gurɓatattun wurare a 1980 da dala biliyan 1.6. Dokar hana gurɓacewa tun kafin ta auku kuwa sai a 1990 ta zo. A ƙarƙashinta ne Hukumar Kare Muhalli, EPA, ta buɗe ƙaramin shirin tallafi a 1991 don neman sababbin hanyoyin haɗa sinadarai, Paul Anastas na cikin jagororinsa.

Daga nan fannin ya fi samun yabo fiye da kuɗi. Gwamnatin Clinton ta ƙirƙiro lambar yabon shugaban ƙasa a 1995, aka fara bayar da ita a 1996, amma ba ta zuwa da ko sisi. Anastas da John Warner sun wallafa ƙa'idoji 12 na fannin a 1998, aka kafa masa mujalla a Birtaniya a 1999. Ƙudirin ware masa shirin bincike na ƙasa ya wuce majalisar wakilan Amurka a 2004 ya maƙale a ta dattawa. Sai a Janairun 2021 aka samu doka, ita ma cikin dokar tsaro aka saka ta, kuma haɗa kan hukumomi ta fi mayar da hankali a kai.

Masu ganin wannan ba matsala ba ne suna cewa rage shara riba ce, don haka kamfanoni za su biya da kansu. Hujjarsu tana da ƙarfi. Tsohuwar hanyar haɗa ibuprofen matakai shida ce, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na kayan haɗin ne ke shiga cikin maganin, sauran ya tafi a shara. Kamfanin BHC ya mayar da ita matakai uku, adadin ya kai kusan kashi 77. Roger Sheldon ya nuna a 1992 cewa kowane kilo na magani kan bar shara kilo 25 zuwa 100, har fiye, shi ya sa manyan kamfanonin magani suka haɗu a 2005 suka fara tara kuɗin bincike tare. Sai dai kamfani yakan biya abin da zai dawo masa da uwar kuɗi nan kusa ne. Misali, haɗin musayar sassa tsakanin sinadarai, wanda ya ci kyautar Nobel a 2005, masana'antu sun lura da shi tun shekarun 1950 ba tare da sanin yadda yake aukuwa ba. Yves Chauvin ya warware shi a 1971, sannan aka ƙara kusan shekara ashirin kafin Richard Schrock da Robert Grubbs su samar da ingantattun sinadaran da ke tafiyar da shi, a jami'o'i, da tallafin gwamnati. Haƙurin da irin wannan aiki ke bukata ya fi ƙarfin lissafin ribar shekara.

Giɓin ya fi faɗi a ƙasashe masu tasowa, inda masana'antu ke ƙaruwa amma ɗakunan gwaji ba su da kayan aiki. Shirin da UNESCO da ƙungiyar IUPAC da kamfanin takin Rasha PhosAgro suka ƙaddamar a 2013 yana bai wa matasan masu bincike har dala 30,000. Kuɗin kan sayi sinadarai ya riƙe aikin shekara guda, amma bai kai farashin babbar na'urar tantance tsarin sinadari ba, wadda sai da ita mai bincike ke tabbatar da abin da ya haɗa.