Tarihin Dashen Ƙoda ga Tsofaffi

Dashen ƙoda na farko da ya yi nasara an yi shi ne ranar 23 ga Disamba, 1954, a birnin Boston na Amurka. An cire ƙodar Ronald Herrick, Likita Joseph Murray ya dasa wa Richard, ɗan'uwan Ronald. Tagwaye ne masu kama ɗaya, 'yan shekara 23, don haka jikin Richard bai ƙi baƙuwar ƙodar ba.

A shekarun da suka biyo baya, tsoho ba shi da rabo a wannan magani. Magungunan danne garkuwar jiki na wancan zamani, irin su azathioprine da steroid, suna buɗe ƙofa ga cututtukan da jikin dattijo ba ya iya ɗauka. Ko wankin ƙoda ma rabonsa ake yi: a Seattle, farkon shekarun 1960, wanda ya haura 45 ba a ko duba sunansa. Sai da sabon maganin danne garkuwa, cyclosporine, ya samu izini a Amurka a 1983 aka fara sassautawa.

Daga nan matsalar ta koma kan ƙodar kanta. Matatun da ke cikinta raguwa suke da shekaru, jijiyoyinta su ƙanƙance. Ƙodar ɗan shekara 70 ba ta jure daɗewa cikin ƙanƙara kafin a dasa ta, kuma sau da yawa takan yi kwanaki bayan dashe kafin ta soma fitar da fitsari. Shi ya sa aka daɗe ana watsi da ƙodojin mamata tsofaffi, alhali masu jira na mutuwa a layi, asarar da ke da wuyar karewa.

Ƙungiyar Eurotransplant, wadda Jon van Rood ya kafa a Leiden a 1967, ta ɓullo da mafita a Janairun 1999: ƙodar mamaci mai shekara 65 zuwa sama a ba majinyaci sa'ansa. Ana duba rukunin jini, a nemi mai karɓa a kusa, domin a rage sa'o'in da ƙodar za ta yi a wajen jiki. Hujjar a fili take. Dattijo ba ya buƙatar ƙodar da za ta yi shekara talatin, kuma garkuwar jikinsa ta yi sanyi. Yawancin tsofaffin da aka yi wa dashe ciwon zuciya ko wata cuta ke ɗauke su, ƙodar tana kan aiki.

Amurka ta bi tata hanyar. A 2002 ta ware ƙodojin masu shekara 60 zuwa sama a rukuni na daban, sannan a Disamban 2014 ta koma auna kowace ƙoda da maki, mafi inganci a ba waɗanda ake sa ran za su fi daɗewa. Watannin farko bayan tiyata sun fi haɗari ga tsoho, amma wanda ya tsallake su yakan fi takwaransa da ya zauna kan wankin ƙoda tsawon rai.