Ɗan akwatin da ya zama rumbun unguwa

Yau ma tarihi za mu taɓa, amma tarihin na'ura.

A 2004 kamfanin Linksys na Amurka ya fito da wani ɗan akwati mai suna NSLU2, bai fi littafin ɗan lakwal girma ba. Aikinsa guda: ka jona masa diski ta USB, duk kwamfutar da ke gidan ta ga abin da ke ciki. Ƙwaƙwalwarsa mega 32 kacal, wayar Android mai araha ta ninka shi fiye da sau talatin. To, da yake Linux ke tafiyar da shi, masu ƙwaƙule-ƙwaƙule suka sauya masa manhaja, suka maida shi uwar garke, wato na'urar da ke riƙe da shafi tana miƙa shi ga duk wanda ya nema. A 2008 kamfanin ya daina ƙera shi, amma dabarar ta riga ta fita.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan harka. Tun 1999 aka buɗe rediyon al'umma a Bankilare, can jihar Tilaberi. A wancan lokacin, a ƙarƙashin shirin RANET, wanda cibiyar ACMAD ta Yamai ke ciki, bayanan yanayi kan sauko daga tauraron WorldSpace zuwa kwamfuta mai aiki da hasken rana, mai gabatarwa ya karanta wa makiyaya da manoma da harshensu. Babu layin tarho, balle reso. A 2012 kuma shirin Afripedia ya raba wa jami'o'in Afirka masu amfani da Faransanci wasu ƙananan akwatuna ɗauke da Wikipedia cikin manhajar Kiwix. Ɗalibi ya kama wifin akwatin ya yi karatu, ko dala bai kashe a kan intanet ba.

Me ya kawo zancen? Kun tuna Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wutar da ke shigo mana ta layin Katsina. Wanda ya jibge komai nasa a Facebook da WhatsApp ya ji a jikinsa. Ga kaset-kaset na hira da dattawa, labarin tafki da kushewun waliyyai 99, suna cin ƙura a kwali. Abin da ke kan waya kuwa, ranar da ta faɗa ruwa shi ke nan.

A ganina tsohuwar kwamfuta ko Raspberry Pi, da diski, da fano ɗaya da batir, sun isa rediyo ko lakwal ta kafa rumbunta, wanda duk mai waya a harabar zai iya buɗewa. Sai dai kar a ruɗe mu: zafin Afrilu da ƙurar hunturu na kashe diski ba sallama. Dole a yi kwafi biyu, na biyun a ajiye shi a wani gida daban, kuma a sa mutum guda da zai riƙa duba su duk wata.